Sabuwar laftof ba Word ba Excel, an cuce ni ko haka take zuwa?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka man da bayani kahin in koma shagon ga in yi abin da ba a so. Shekaranjiya nis sayo ma ɗiyata laftof sabuwa dal cikin kwali, zama ta shiga aji huɗu jami'a an ce su hwara furojet, ni ko nic ce ba ni ƙara sayen 'yar Beljiyam tun da wadda nis saye bara batirinta bai kai wata biyar ba. To mun iso gida yarinya ta kunna ta sa suna da fasiwod, sai tac ce man Baba babu Word ciki. Akwai alamar Word ɗin amma in ta danna sai ya ce ta shiga da akawun ko ta biya. Na kira yaron shagon yac ce wai in kawo dubu ukku a loda muna komi. Kuɗɗin da na zuba ga abin ga ba kaɗan na ba, a ce kuma sai na ƙara? Ashe ana sai da mota ba taya?

Ɗan Mabera: Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan cuta ce tsagwaronta. Ni duk kwamfutar da na taɓa riƙewa da Word da Excel da CorelDraw na zane da VLC na kallon bidiyo na same ta, wata har da karatun Alƙur'ani izu sittin da finafinan Indiya a ciki. Cirewa suka yi don su ƙara cin kuɗinka, ka koma ka tada musu hankali

Injiniya Gawon Nama: Ɗan Mabera a yi a hankali kar ka sa dattijo ya tahi ya yi hwaɗa bisa kuskure. Baba ba a cire komi ba. Windows daban, Office daban, duk da kamfani guda ka yin su wato Microsoft. Windows ita ta gidan, ta taho da 'yan kayanta irin su Edge na shiga intanet, Notepad, Paint, kalkuleta, abin kallon hoto, da Defender mai tsaron bairos. Amma Word da Excel da PowerPoint haja ta daban da ake sayarwa da kuɗɗinta, ko ka biya duk wata ko duk shekara wanda suka ce ma Microsoft 365, ko ka saye sau guda irin Office 2021 ko 2024. Alamar da tag gani talla ta, an aje ta ne don ta danna ta saye.

Ɗan Mabera: To ni nawa fa da suka zo da komai?

Injiniya Gawon Nama: Mu munka sa maka su mana. Kai kana zaton daga Ingila anka loda maka karatun Alƙur'ani? Duk laftof ɗin da ta sauka kasuwa 'yar hannu sai an yi mata fomat, wato a goge komi a sake sa Windows, sannan mai gyara ya soka filas ɗinai ya zuba Office da Corel da Chrome da VLC da WinRAR da IDM da Smadav, minti arba'in an gama. Shekara da shekaru haka ake yi shi ya sa kowa garin ga ya ɗauka haka Windows take zuwa daga kamfani.

Maman Khalifa: Hhh wallahi ni kaina sai da na buɗe bizines santa na gane haka. Da na ɗauka Word ita ce kwamfutar gaba ɗaya, in an ce mutum ya iya kwamfuta ai Word ake nufi

Baban Ummi: To Injiniya in kai a loda ke nan? dubu ukku ba ta hi ƙarhina ba, raini na ban so

Injiniya Gawon Nama: Tsaya tukuna Baba, nan wurin na da magana. Abin da za su loda maka a dubu ukku ba na asali na ba, kirak na, wato wanda anka fasa ma makulli, zama Office na gaskiya kuɗɗinsa ya ninka haka nesa ba kusa ba. Kuma abin da na hi ji ma tsoro, yaran shago da yawa ba su tsayawa ga Office, sai su ce Windows ɗin da ta taho da ita Home ta ba ta da kyau bari a sa maka Pro, su goge ta gaba ɗai. Alhali wadda ta taho da ita ta halal ta, ka riga ka biya kuɗɗinta cikin kuɗɗin laftof, tun daga Windows 8 lambar lasisin cikin madabod ɗin na'urar take a dashe. In sunka sa Pro lambar ba ta hawa kanta, sai su sa kirak, bayan wata shidda ka ga rubutu ƙasan sikirin yana ce ma ka yi aktibetin. Ka bada ta gaske an ba ka jabu kuma ka biya lada. Duk abin da za ka yi kar ka bari a yi mata fomat.

Sarkin Linux: Salamu alaikum, na ga ana maganar da ta shafe ni

Ɗan Mabera: Shi ke nan an taɓo mai wa'azi, kowa ya gyara zama

Sarkin Linux: Ka yi dariyarka. Baba matsalar nan da kake ciki babu ita a Linux Mint, wato madadin Windows ɗin kanta. Kana ɗora ta za ka tarar da LibreOffice a ciki, akwai Writer madadin Word, Calc madadin Excel, Impress madadin PowerPoint, ga Firefox, ga abin kallon bidiyo, ba gwaji ba ne ba talla ba ne kuma ba kobo. In kana son ƙari akwai shagon manhajoji a cikinta kamar Play Store, ka danna ya sauko, ba sai ka shiga wani shafi mai maɓallin dawunlod guda biyar ba ka rasa wanne ne na gaskiya. Amma ban ce a goge Windows ɗin yarinya ba tunda an biya, LibreOffice ɗin yana hawa Windows lafiya lau, saukar da shi bai kai rabin giga ba.

Maman Khalifa: Ɗana Sarkin Linux ina ganin girmanka amma bari in faɗa maka abin da nake gani kullum a kan teburina. Ɗalibi zai yi furojet ɗinsa a wannan Libre ɗin, ya kawo min a filas in buga, ina buɗewa a Word sai tebur ya tsallaka wani shafi, lambar shafi ta ruɗe, babi na uku ya fara a tsakiyar takarda. Shafi tamanin ya koma tamanin da huɗu. Ga shi yana sauri sufabaizo na jira, ni kuma janareta na shan mai. A ƙarshe ni zan zauna in gyara kyauta don kar a ce santa ta ce ba ta iya aiki ba

Sarkin Linux: Mama ai maganin wannan sauƙi ne, ya mayar da shi PDF kafin ya kawo miki, akwai maɓallin a sama, PDF ba ya motsi ko a wace na'ura aka buɗe. Kuma yawancin ruɗewar nan daga font ne, wato salon haruffa, in ya rubuta da wanda babu a taki na'urar dole layi ya canza. Ko Word da Word ma suna yin haka in ɗaya 2007 ne ɗaya 2019

Maman Khalifa: PDF ɗin ne sufabaizo zai yi wa gyara da jan rubutu? Malamai Word suke cewa a turo musu. Kai dai ba ka fara furojet ba, za ka zo ka same ni

Malama Arkilla: Ina ta karantawa ina murmushi. Baban Ummi yana fushi don ba a haɗa masa Word da Windows ba, alhali kamfanin nan ya sha shari'a da tara ne saboda laifin haɗawa. A tsakiyar shekarun 1990 birauza, wato manhajar shiga intanet, da duniya ke amfani da ita Netscape ce, ana ɗora ta daban. Sai Microsoft ya yi tasa, Internet Explorer, ya cusa ta cikin Windows kyauta, duk wanda ya sayi kwamfuta ya tarar da ita a kan sikirin. Wa zai wahalar da kansa ya nemo wata alhali ga wata a gabansa, lokacin kuma intanet ta waya ce mai tafiyar hawainiya? Kasuwar Netscape ta rushe. A 1998 gwamnatin Amurka da jihohi 20 suka kai Microsoft kotu, a 2000 alƙali ya yanke a raba kamfanin gida biyu, a 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar, aka ƙare da sulhu.

Malama Arkilla: Turai kuma ba su tsaya nan ba. A 2004 Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 497, ɗaya daga cikin dalilan shi ne haɗa Windows Media Player da Windows, aka tilasta masa fitar da wata Windows marar shi, ita ce ake sa wa harafin N a ƙarshen suna. Abin dariya kusan ba wanda ya saye ta, tunda kuɗinsu ɗaya da mai ɗauke da shi. Daga baya aka sa shi ya riƙa nuna wa mutanen Turai allon zaɓen birauza, da allon ya ɓace a wani afdet na Windows 7 sai aka sake cin sa Yuro miliyan 561 a 2013.

Ɗan Mabera: Ikon Allah. Wato a can ana kai ƙara don an ba ka kyauta, mu nan muna kai ƙara don ba a ba mu ba

Malama Arkilla: Ai kyautar ce ke da ƙugiya. Abin da kamfani yake so ya mamaye kasuwarsa shi yake haɗa maka kyauta, abin da ya san dole ka nema da kanka shi yake sa wa kuɗi. Birauza an ba ka don ka bi ta hanyarsu, Word kuwa sun san ko ba su ba ka ba za ka zo.

Baban Ummi: Malama wagga magana ta shige ni. Awa mai shayi da ka ba ka ruwan wanke hannu kyauta amma ƙwai sai ka biya

Injiniya Gawon Nama: Hhh Baba ka gama bayanin. Kuma akwai kashi na ukku da ba a taɓo ba, wanda ba Microsoft ka sa shi ba, kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ka sa shi. Baba ce ma Ummi ta duba, na yi imani za ta ga wani anti bairos na gwaji na kwana talatin, da wasu manhajoji masu sunan kamfanin guda huɗu ko biyar, wataƙila da gem. Waɗanga biyan kamfanin laftof ake yi ya sa su, shi ya sa ba ya rabuwa da su. Suna tashi tare da na'ura suna cin ram, wato ƙwaƙwalwar aikinta, in laftof ɗin mai giga 4 ta sai ka ga sabuwa tana nishi awa tsohuwa. Kwana talatin na cika ya hwara hito da jan allo yana ba ka tsoro wai kana cikin haɗari ka biya.

Baban Ummi: Ta duba ta ce akwai, har ya hwara ƙirga mata kwanaki

Injiniya Gawon Nama: Ta cire shi ta Settings wurin Apps, tana cirewa Defender na Windows zai kama aiki da kansa, kuma ya isa ga mai karatu. Kar ta tara anti bairos biyu ukku, kokawa suka yi da juna na'ura ta yi nauyi.

Malama Arkilla: Wani lokacin ma abin ya wuce nauyi. A 2015 an kama Lenovo ya sayar da laftof da wata manhaja mai suna Superfish a ciki, aikinta cusa talla a shafukan da kake buɗewa, kuma yadda aka gina ta ya buɗe ƙofar da ɓarawo zai iya leƙa bayanan da ya kamata su zama a rufe, irin na banki. Sai da kamfanin ya ba da haƙuri ya fitar da abin cire ta. Sabuwa ce a kwali, ba mai gyara ne ya taɓa ta ba. Don haka ni ban yarda cewa duk abin da ya zo daga kamfani tsarkakakke ne ba.

Ɗan Mabera: Yauwa! Kun gani ko, gara filas ɗin Injiniya, aƙalla na san gidansu

Injiniya Gawon Nama: Kar ka jawo man. Ni ma gaskiya in za a hwaɗi ta, filas ɗin namu ba tsarki gare shi ba. Mataki na hwarko in za ka sa kirak mi na? A kashe Defender. Zama in ba a kashe ba kama shi yake yi ya goge. To kai ka kori mai gadi da hannunka don wani baƙo ya shigo, kuma baƙon ba ka san wa ya ɗinka mai riga ba, daga wani shafi anka sauko da shi. Wasu tsabta suke, wasu da ɓarawon fasiwod a ciki. Ni kaina an taɓa kawo man laftof ɗin wani ɗan kasuwa fanka na ta kuka dare da rana ko ba a aikin komi, ashe wani abu na ciki yana haƙar kuɗin kirifto ma wani can da wutarshi da datarshi.

Ustaz Minanata: Assalamu alaikum. Tunda an zo nan bari in sa baki kaɗan. Ni ba fatawa zan bayar ba amma a tambayi malamai, abin da mutum ya yi wahala ya ƙera ya ce sayarwa yake, kai ka fasa makullin ka yi amfani da shi har kana cin abinci da shi, zuciya ta natsu da haka? Da babu madadi sai a ce lalura, to ga shi yaron nan ya ce akwai na kyauta wanda masu shi suka yafe.

Maman Khalifa: Malam Allah ya gafarta, maganarka gaskiya ce ba na musu. Amma a lissafa min, kwamfuta huɗu gare ni a shago, kowace Office da Corel, kuma da dala ake biya, ga yadda naira ta koma. Katin biki nawa zan buga in mayar? Shafi ɗaya da nake bugawa ribar ba ta kai kuɗin ruwan leda biyu ba bayan an cire tona da takarda da mai. Ranar da na ce sai na asali ranar zan rufe shago in koma sayar da zoɓo

Ustaz Minanata: Allah ya buɗa Hajiya, ban ce ki rufe ba. Ko guda ɗaya aka fara gyarawa ai an rage

Sarkin Linux: Mama akwai Inkscape madadin Corel, kyauta

Maman Khalifa: Na gwada shi ɗana. Kwastoma zai zo da tsohon fayil ɗin Corel na kalandar ƙungiyarsu ya ce a canza shekara da hoton shugaba kawai, kuma masu babban injin bugawa da nake kai wa aiki Corel suke karɓa. Ni kaɗai zan canza duk garin su bi ni?

Malama Arkilla: Nan Hajiya ta fi ka gaskiya Sarkin Linux. Manhaja ba ita kaɗai take rayuwa ba, da mutanen da kake musayar fayil da su take tafiya. Amma ga Ummi lamarin bai kai haka tsanani ba, rubutu ne da 'yan tebura. Tana da hanya uku da ba sata a ciki. LibreOffice ta riƙa ajiyewa a docx, irin fayil ɗin Word. Ko Word na kan intanet, kyauta ne in ta buɗe akawun na Microsoft, sai dai yana son data da netwok mai kyau kuma bai kai na kan na'ura cika ba. Ko Google Docs. Sannan ta tambaya a sashen ICT na makarantarsu, Microsoft na da tsarin da ɗalibai ke samun Office ta imel ɗin makaranta in makarantar ta yi rajista.

Ɗan Mabera: Word na kan intanet a Dundaye? Malama netwok ɗin da sai ka hau tudu kafin saƙon WhatsApp ya tafi

Sarkin Linux: Shi ya sa na ce Libre, sau ɗaya za a sauke ko ma a kwafa daga filas ɗina, halal ne a raba shi. Akwai WPS ma kyauta kuma ya fi kama da Word a ido amma yana da talla

Abban Sadiq: Ni tambayata daban ce afuwan. Ɗan'uwana da ke Abuja yana da MacBook ya ce shi bai taɓa sayen Office ba, da gaske ne?

Malama Arkilla: Zai yiwu. Apple na ba da Pages da Numbers da Keynote, madadin Word da Excel da PowerPoint, kyauta ga masu Mac, ga Safari da iMovie da Preview na buɗe PDF. Su ribarsu a jikin na'urar take, sun riga sun karɓi kuɗinsu tun a kanti, shi ya sa ba sa ƙyashin manhaja. Amma ko su in za su tura wa mai Windows sai sun mayar da fayil ɗin docx, kuma matsalar Hajiya ta tsallakewar tebur tana nan.

Ɗan Mabera: Kuɗin MacBook ɗaya ai sai ya sayi fili a bayan Kwannawa, dole su ba ka Pages kyauta

Injiniya Gawon Nama: Wani abin da ka ba ni mamaki kuma, rabin kayan da mutane ka matsa muna mu sa masu yanzu Windows ta riga ta taho da irinsu, sabo na kawai. Mutum ya ce a sa mai abin buɗe PDF, alhali Edge na buɗewa har ka yi rubutu kai. A sa mai abin maida takarda PDF, alhali tun Windows 10 in ka je firintin akwai Microsoft Print to PDF. A sa mai abin ɗaukar hoton sikirin, ga Snipping Tool nan. WinRAR ma da kullum yake roƙon a saye shi bayan kwana arba'in ba wanda ka saye, Windows 11 ta yanzu tana buɗe rar da 7z da kanta. Amma in ban sa ba sai a ce Injiniya ya yi aikin ha'inci bai cika kaya ba, sai in zuba masu su tahi suna murna.

Maman Khalifa: VLC dai kam dole ne

Injiniya Gawon Nama: Wanga kam na yarda, ba abin da ba ya ci, kuma shi kyauta na tun asali ɗaliban wata makaranta a Faransa sunka hwara shi, ba ya buƙatar kirak.

Malama Arkilla: Kuma abin da ya zo a haɗe ba naka ba ne har abada, mai shi na iya ɗaukewa. WordPad da ke cikin Windows tun 1995, wanda da yanzu ya ɗan rage wa Ummi zafi tunda yana buɗe docx, an cire shi a Windows 11 ta 2024. Internet Explorer da aka yi duk waccan shari'ar a kansa an yi masa ritaya a Yunin 2022. Ni akwai abu ɗaya da ke cikin Windows da nake so mutanenmu su sani, kibod na Hausa. Ka shiga wurin harshe a Settings ka ƙara Hausa, za ka samu ƙ da ɗ da ɓ ba sai ka ɗora komai ba. Kullum ina karɓar takardun ɗalibai an rubuta kasa a wurin ƙasa, ga abin nan kwance a na'urarsu ba wanda ya nuna musu.

Abban Sadiq: Wallahi ban sani ba, ni kwafowa nake daga waya ina liƙawa

Sarkin Linux: Tunda an zo maganar ɗaukewa, masu 'yar Beljiyam ku sani Microsoft ya daina ba Windows 10 afdet na tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 tana son wani abin tsaro a cikin na'ura mai suna TPM 2.0 da furosesa daga ƙarni na 8 na Intel zuwa sama. Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai a nan ƙarni na 4 zuwa na 6 ne. Ko dai a yi mata dabara a cusa 11 ɗin, ko a zauna ba tsaro, ko kuma... kun dai san sauran

Ɗan Mabera: Mun sani, Linux Mint. Kai ko maganar ciwon kai ake sai ka ce Linux Mint

Injiniya Gawon Nama: Ni ban ƙi ta tashi ba, na sa ma mutum biyu ukku kuma tsohuwar na'ura tana sauri da ita ƙwarai. Matsalar guda ta, in ta lalace ko firinta ta ƙi hawa, duk layinmu mutum nawa za su iya taɓa ta? Sai a dawo man da ita a ce in maida Windows. Af na tuna, masu sayen sabuwa ku riƙa duba kwali, akwai waɗanda ka zuwa da FreeDOS, wato ba Windows ɗin ma gaba ɗai, baƙin allo kawai, shi ya sa sunka hi araha. In ka ga irin wagga da Windows a shago to nan anka sa mata. Baba tunda taka ta tambayi suna da fasiwod da kanta kuma ga anti bairos na gwaji, alama ta ta kamfani ta, amma Ummi ta shiga Settings wurin Activation ta gani don a tabbatar.

Baban Ummi: Ta duba ta ce an rubuta Windows 11 Home kuma active. To alhamdu lillahi ashe yaron bai cuce ni ba, saura kaɗan in tahi in ci mutuncin ɗan mutane. Ɗan Mabera Allah ya shirye ka

Ɗan Mabera: Amin Alhaji, ni ma yau na san ba daga Ingila aka sa min karatu ba

Admin: Jama'a an kira Magariba, a ɗan tsagaita. Kuma don Allah wanda ya turo link ɗin kirak na goge, ba a sa irin wannan a gidan ga.

Baban Ummi: Salam, bayani ga waɗanda sunka taimaka jiya. Sarkin Linux ya haɗu da Ummi cikin makaranta ya sa mata Libre ɗin da VLC daga filas, ta cire anti bairos ɗin gwaji, ta ce na'urar ta hi sauri tashi. Yaron shagon ya sake kira wai ya rage in kawo dubu biyu, nic ce mai an gode. Hajiya Maman Khalifa in lokacin bugawa ya yi wurinki za ta taho, ki yi haƙuri da teburanta.

Maman Khalifa: Ba komai Alhaji Allah ya ba ta sa'a, ta zo da PDF da docx ɗin duka biyun, kuma ta rubuta da Times New Roman tun farko

Baban Ummi: Sai dai yanzu ta ce malaminta yac ce babi na huɗu sai da wani abu wai shi SPSS. Shi ma daban ake saye?

Injiniya Gawon Nama: Baba shi wanga na lissafin alƙaluman bincike na, na kamfanin IBM, kuma kuɗɗinsa ya hi na Office

Sarkin Linux: Akwai PSPP da jamovi, kyauta

Maman Khalifa: Ka fara tambayar malamin ko zai karɓa tukuna